Ku Tambayi Kawu: Wai Dole Sai Mun Gode Wa 'Yan Sanda?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da ganin wannan wata. Tun da gwamnatin Tinubu ta tsaida 7 ga Afrilu ta zama ranar 'yan sanda ta ƙasa saƙonni ke ta shigo min kamar ruwan Agusta, wasu ta WhatsApp wasu ta tes, har wani bawan Allah ya tare ni bakin masallaci bayan la'asar ya riƙe min hannun riga sai da ya amayar da abin da ke cikinsa tas sannan ya sake ni. Na zaɓo guda shida. Kamar kullum ba mu sa sunan kowa, kuma duk inda anka ambaci sunan caji ofis ko na wani jami'i na goge, don ban da hujja a hannu kuma nan ba kotu ba ce. Zagi ma na rage sosai, wani saƙon da na bar shi yadda ya zo edita ba zai buga ba.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ƙaƙa aiki. Ni ɗan kabu-kabu na, shekara tara ina wanga aiki cikin garin Sakkwato, kuma wallahi da nij ji rediyo ana cewa wai mu gode ma 'yan sanda dariya tak kama ni, godiyar mi? Ni dai ban taɓa ganin ɗan sanda ya tsaida ni don shi tambayi lahiyata ba, kullum takardu, ka ba da takardu a ce ina lamba, ka gwada lamba a ce madubi, in duk babu abin kamawa a ce to taho ka ga oga, kuma ran da anka sace min mashin da nit tai kai rahoto sai da nis sayi takarda da biro da kuɗɗina sannan anka ce in kawo na mai a tai bincike, yau shekara biyu ke nan mashin shiru kamar an shuka dusa. To Kawu don Allah ka gaya min gaskiya kar ka yi min siyasa, wanga mutum na za ni gode mawa?
Ɗan kabu-kabu, Gidan Igwai

AMSA: Lahiya lau ɗana, Allah ya maida maka da mafi alheri. Ba zan ce maka ƙarya kake ba, don ni ma an taɓa ɗauke min janareto a gida, na je kai rahoto na iske wanda ke kan kanta yana haska littafin da fitilar wayarsa, shi ma ya ce in kawo kuɗin mai, na bayar, janareto har gobe. Kuma ba ni da kai kaɗai ba ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da laifuka sun bi gida-gida sun tambayi mutane, a binciken 2016 cikin mutum 100 da sunka yi hulɗa da ɗan sanda 46 sun ce an karɓi na goro ko an nema, a na 2019 ya sauko 33. Wani zai ce ai an samu sauƙi, mutum biyu cikin uku sun wuce ba su ba da komai ba. Haka ne, amma wannan lissafin ya haɗa har da wanda ke haɗuwa da su sau ɗaya a shekara, kai da kake bisa titi tun asuba har isha ko ɗaya ne cikin goma sai ka gamu da shi kafin azahar.

Bari in ɗan koma da kai baya, don wannan ƙiyayyar ba jiya ta fara ba. Turawa sun fara haɗa 'yan sanda a Legas tun 1861, mutum 30 ne kacal kuma aikinsu tsaron Bature, ba tsaron mai tallar kifi ba. A 1879 anka yi wata runduna da ake kira ta Hausawa, da gangan ake ɗauko baƙo a kai shi garin da bai da dangi don kar ya ji tausayin kowa. Sai 1930 anka haɗe ta Arewa da ta Kudu ta zama rundunar da muke da ita yau. Mu nan kuma muna da namu, dogarai da 'yan doka na En'e, tambayi duk wani dattijo da ya yi NEPU a shekarun 1950 ya ba ka labarin abin da ɗan doka ke yi wa ɗan adawa, zamanin Gowon ne anka narkar da su cikin ta tarayya. Kai ko sunan ma ka duba, ɗan sanda, da abin dukansa munka sa masa suna. Dokar da ke tafiyar da su a da kuwa ta 1943 ce, ta Bature, ita anka yi ta yi wa faci har sai 2020 da Buhari ya sa hannu a sabuwa. To aikin da anka gina don tsare mai mulki daga talaka ba a wayi gari ya zama abokin kowa don an rubuta hakan a bangon caji ofis.

Amma ka ce kar in yi maka siyasa, to saurara. Ni a wurina godiya ba haraji ba ce da gwamnati za ta yanka wa kowa a rana guda, kuma ba kaki ake gode wa ba, mutum ake gode wa a kan abin da ya yi. Wanda ya karɓe maka ɗari biyu a kan madubi ba ka da godiyar da za ka yi masa, haƙƙinka ne ya ci kuma zai biya ranar da ba kaki. Sai dai ina so ka yi wa kanka adalci ka tuna, cikin shekara taran nan ba ka taɓa wucewa randabawul a watan Afrilu da rana tsaka ba, lokacin da kwalta ke narkewa kai kanka kana neman inuwar dogon yaro, ka ga wani ya tsaya tsakiya yana ba da hannu? Ba ka taɓa isa wurin hatsari a hanyar Bodinga ko ta Gusau ba ka iske mutane sun yi da'ira kowa ya ɗaga waya yana bidiyo, wanda ya sa hannu cikin jini ya ɗauki gawa ya sa a bayan Hilux ɗan sanda ne? In ka taɓa gani to wannan shi hadisin nan ya shafa, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ka ce masa sannu da aiki ofisa, ba ta rage maka komai ba kuma ba ta wanke wancan mai madubin ba. Kuɗin mai da takarda kuwa yawanci gaskiya ne babu su a ofishin, abin da ke isa hannun dipio bai taka kara ya karya ba, amma wannan bayani ne na ba ka ba uzuri ba, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu. Ni matar ɗan sanda ce, mijina saje ne shekara goma sha shida yana aiki, yanzu wata biyar ke nan an tura shi gabas wajen da 'yan bindiga ke ta'adi, wani lokaci sati biyu ba mu ji muryarsa ba sai dai in ta kallon waya, duk lambar da ban sani ba ta kira sai gabana ya faɗi. Abin da ya sa na rubuto shi ne ɗana na aji biyar ya dawo makaranta yana kuka wai yara sun ce ubansa ɓarawo ne mai karɓar hamsin-hamsin, ko gidan biki na je da an ji matar ɗan sanda ce sai a fara habaici ana cewa ai ku kuna cin daɗi, alhali ɗaki ɗaya muke mu bakwai a bariki rufin yana yoyo. Kawu mene ne laifinmu, kuma me zan ce wa yaron nan?
Uwar yara biyar, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Na karanta saƙonki sau uku kafin in iya ɗaukar biro. Allah ya tsare miki shi ya dawo da shi lahiya, shi da duk waɗanda ke Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da Tangaza da Gudu, don mu da ke kwana cikin gari da fanka ba mu san abin da ake ciki ba sai in munka ji a rediyo.

Mutane suna da saurin mantuwa. Ranar 16 ga Yuni 2011 bam ya tashi a hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa a Abuja. Ranar 20 ga Janairu 2012 a Kano ofisoshin 'yan sanda anka fi auna, sama da mutum 150 sunka rasu a yini guda. Mu nan Sakkwato kuma 30 ga Yuli 2012, cikin azumi, ɗan ƙunar baƙin wake ya nufi ofishin 'yan sanda na shiyya ta 10 da mota, duk wanda ke cikin garin nan ranar ya tuna ƙarar, kuma cikin waɗanda sunka rasu har da ɗan sanda. A shekarun nan kakin da mijinki ke sawa shi kansa abin harbi ne, wasu a leda suke ɗauko shi sai sun isa ofis su sa. Yanzu kuma an tura su daji gaban mutanen da sunka shiga kasuwar Goronyo a Oktoba 2021 sunka kashe sama da mutum 40, mutanen da sau da yawa makamansu sun fi na gwamnati. Akwai hadisi a kan idanu biyu da wuta ba ta taɓawa, ɗaya shi ne idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, ki gaya wa mijinki ya gyara niyya, ki gaya wa yaron nan ma.

Su kuma masu habaicin cin daɗi, ga lissafi. 'Yan sandan ƙasar nan duka wajen 370,000 ne, mu kuma mun haura miliyan 200, kuma cikin 'yan kaɗan ɗin nan dubbai suna bayan manya suna riƙe jakar hajiya da buɗe ƙofar mota, kusan duk sabon sufeto janar sai ya ce ya janye su, Tinubu ma ya ba da umarnin a Nuwamba 2025, mu dai muna kallo. Jiha mai ƙananan hukumomi 23 kamar tamu akwai ƙauyen da sai ka yi tafiyar awa a kan mashin kafin ka ga ɗan sanda guda. A 2013 da gidan talabijin na Channels ya nuna yadda kurata ke kwana da cin abinci a kwalejin 'yan sanda ta Ikeja sai da Jonathan ya tashi ya je da kansa don kunya. Fansho kuma tun da anka sa su cikin tsarin adashi na 2004, soja da 'yan sandan ciki na DSS an fitar da su, su 'yan sanda an bar su, a Yuli 2025 tsofaffin 'yan sanda da furfura sunka fito titi a Abuja suna zanga-zanga a kan haka. Wannan shi ne daɗin.

Amma ɗiyata zan gaya miki wadda ba za ki so ba. Yaran da sunka tsokani ɗanki ba su ƙirƙiro maganar hamsin-hamsin ba, a bakin iyayensu sunka ji, iyayen kuma a titi sunka gani. Kar ki ce wa yaron duk ƙarya ce, don gobe zai gani da idonsa a shinge ya daina yarda da ke. Ki ce masa akwai masu yi, kuma abin kunya ne, amma babanka ga inda yake ga abin da yake tsarewa, in sun sake faɗa ya tambaye su uban wa ke kwana a daji don su kwana a gida. Sannan ki je ki ga malamin ajin, cikin mutunci, wannan aikinsa ne.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni ɗan kasuwa na ina harkar albasa, akwai wanda yak karɓi buhu arba'in hannuna tun kaka yac ce in ya kai Kudu ya dawo shi biya, yau wata bakwai ya kashe waya ya bar gari. Ina da wani abokina sufeto yac ce in ba shi wani abu kaɗan za a ɗauko ƙanenai da ke da shago a rufe shi kwana biyu, da uwarsu taj ji kuɗɗi za su hito. Ni dai haƙƙina nike nema. Akwai laihi ciki?
Mai albasa, Kasuwar Kara

AMSA: Alhaji akwai laifi, har biyu ma. Kuma na ji daɗi da saƙonka ya zo wata ɗaya da na ɗan kabu-kabu, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Da safe mu zauna majalisa mu ce 'yan sanda azzalumai ne, da yamma wani ya taka mu mu ciro waya mu ce bari in kira yarona a ɗaure min shi. Rigimar haya ɗan sanda, rigimar kishiya ɗan sanda, saurayi ya fasa aure a kai shi caji ofis ya biya kayan toshi, wai har mutum ya riƙa alfahari na sa an kwana da shi a sel. To wa ya koya musu cewa kaki abin haya ne?

Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta ce ba a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, wannan maganar kotu ce. Sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wanda ake nema, ko ƙane ko uba ko mata. In yaron nan ya samu lauya ya shigar da ƙarar take haƙƙi, ba sufeto kaɗai za a kira ba har da kai da ka sa, kuma kotuna sun sha cin irinku tarar da ta fi bashin. Bar ma dokar Nijeriya, kai ɗan Sakkwato ne, ka san ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Mai shago bai ci albasarka ba, tsohuwar da kuke so ku tada wa hawan jini ita ma ba ta ci ba.

Abin yi, ka fara da shugabannin 'yan albasa, su sun san inda kowa ke sauke kaya a Kudu kuma mutum ya fi tsoron a hana shi lodi da a kai shi sel. In bai yi ba ka tafi kotun shari'a ko ta majistare da shaidunka. In kuma kana da hujjar cewa tun farko da niyyar damfara ya zo, misali ya ba ka sunan ƙarya ko ya yi wa wasu haka, to wannan laifi ne kana iya kai rahoto, amma a kansa shi kaɗai. Buhu arba'in Alhaji ko 'yar takarda ba ku rubuta ba? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

TAMBAYA: Kawu don Allah a taimaka min. An yi kame a unguwarmu da dare an haɗa da ɗana yana dawowa daga kallon ƙwallo, yau kwana huɗu yana tsare ba a kai shi kotu ba, an ce in kawo dubu talatin na beli kuma wai mace ba ta tsayawa beli sai in nemo namiji mai aikin gwamnati, ni kuma ubansa ya rasu ƙosai nake saidawa. Ga shi a bangon ofishin an rubuta beli kyauta ne da manyan baƙi.
Wata uwa, Mabera

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya fitar da shi. Abin da ke bangon nan shi ne doka, abin da anka gaya miki da baki ba doka ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 35 ya ce in akwai kotu cikin kilomita 40 daga inda ake tsare da mutum to a kai shi cikin kwana ɗaya, in babu kwana biyu, kuma cikin garin Sakkwato ba wanda zai ce kotu ta yi masa nisa. Sai fa in babban laifi ake tuhuma irin kisa ko fashi da makami, wannan belinsa ba a hannun caji ofis yake ba. Batun mace kuwa dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce.

Kar ki je ke kaɗai kuma kar ki je da faɗa. Ki ɗauki mai unguwa ko liman ko wani daga kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na yankinku, ki ce dipio kike son gani ba na kan kanta ba, don sau da yawa ciniki a kanta yake ƙarewa oga bai ma san an yi ba, wani lokacin kuma ya sani amma ganin rawani sai ya sauya murya. Ki tambaya a gabansu wane laifi anka rubuta wa yaron. In an ci gaba da ja miki rai akwai hukumar ba da lauya kyauta ta gwamnati da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, duka suna da ofis a garin nan kuma ba a biyan ko sisi, akwai kuma sashen karɓar ƙorafi na 'yan sandan kansu da anka kafa a 2015 zamanin sufeto janar Solomon Arase, ana samunsu ta waya da WhatsApp, ki sa wani yaro mai karatu ya rubuta miki rana da lokaci da adadin da anka nema. In kin samu ganin ɗanki ki ce masa kar ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba, kuma ki duba jikinsa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke tsare. Na san wasu za su ce Kawu wannan duk a takarda ne. To a takarda ne, amma na ga inda takardar ta yi aiki da zarar an gane mai maganar ya san da ita. Ki sake rubuto min in ji yadda ta kaya.

TAMBAYA: Kawu an ƙwace min waya a bakin jami'a wani kofur ya bi ɓarawon da gudu har ya faɗi ya kuje gwiwa ya karɓo min, na ba shi dubu biyu ya ƙi karɓa ya ce in yi masa addu'a. Abokaina sun ce da ma ya karɓa cin hanci ne. Haka ne?
Ɗaliba, Dundaye

AMSA: Ɗiyata kin gamu da ɗan halak. Ke niyyarki tukwici ce ba rashawa ba tunda bayan aiki kika bayar kuma bai nema ba, amma shi ya fi ki fahimtar abin. Akwai sahabin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku wannan kuma kyauta anka yi min, sai Annabi ya ce me ya hana shi zama gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Shehu Usmanu ma cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su har da karɓar gaisuwa. Daga dubu biyun jin daɗi ake zuwa dubu biyun dole. In kina son ki saka masa ki rubuta wasiƙar yabo zuwa ga dipio ɗinsa ki aika kwafi ofishin kwamishina, da sunansa da lambar da ke ƙirjinsa da ranar da abin ya faru. Takardun ƙorafi suna zuwa musu kullum, ta yabo kuwa sai a shekara ba a ga ɗaya ba, in ta shiga fayil ɗinsa tana iya yi masa rana lokacin ƙarin girma. Addu'ar ma kar ki manta, ita ya roƙa.

TAMBAYA: Kawu na gama sakandare ina son shiga ɗan sanda amma Baba ya ce in na shiga ba shi ba ni, wai aikin 'yan wuta ne.
Matashi, Wamakko

AMSA: Ɗana kar ka yi musu da Baba kuma kar ka cika fom a ɓoye. Ka nemi wani ƙaninsa ko amininsa da yake jin maganarsa su zauna, a tuna masa wannan aikin su Kam Selem da M.D. Yusufu da Gambo Jimeta sun yi shi har sun riƙe rundunar gaba ɗaya, kuma in duk ɗan mutunci ya guje shi to wa zai tarar a kanta ranar da ta same shi. In ya amince, ɗaukar kurata ta intanet ake yi kuma kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka ɗan damfara ne ko da kaki ya zo. In sakamakonka mai kyau ne ka gwada makarantar 'yan sanda ta Wudil, sai ka yi JAMB, shekara biyar ka fito da digiri da muƙamin ofisa. In kuma Baba ya kafe to ka haƙura ka nemi wani abin, albarkarsa ta fi kaki.

Masu tambaya a kan kuɗin lantarki da mitar da ba a kawo ba na ga saƙonninku, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.